Ciwon dajin fatar kunne: ƙullutun da ba ya zafi, ba ya kuma jira

A ƙasarmu, abin da aka saba gani shi ne mutum ba ya kama hanyar gidan likita sai ciwo ya hana shi barci, ko ya hana shi zuwa gona. Zafi shi ne mudun da muke auna cuta da shi: idan ta yi zafi a ce ta yi tsanani, idan ba ta yi ba a ce a ƙyale ta, yadda ta zo haka za ta tafi. Wannan mudu yana da amfani ga maruru, yana da amfani ga ciwon haƙori. Amma akwai wata cuta ta fata wadda ta fi yawan ɓullowa a kai da wuya, har da fatar kunne, wadda mudun nan ba ya iya aunawa, domin rashin zafi yana daga cikin manyan alamunta. Tana farawa shiru, kamar ƙwayar wake, kafin wata uku ta kai girman goro, kuma idan aka yi mata jinkiri tana kashewa.

Wani nau'i ne na ciwon da muke kira daji, wasu kuma su ce sankara. A takardun likita, da Faransanci, ana rubuta shi "carcinome de Merkel". Mu a nan za mu kira shi dajin Merkel. Ba shi da yawa, ko a ƙasashen da ya fi kama mutane. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi bayaninsa shi ne, darasin da ya koya wa likitoci game da ƙullutu marar zafi ya shafi kowa da kowa. Ban da haka kuma, yana da wani ɗan'uwa wanda shi ma yake cin kunne, shi kuwa wannan yana nan tare da mu, yana ɗaukar rayukan ƴan'uwanmu zabiya tun suna cikin ƙuruciyarsu.

Asalin sunan

A shekarar 1875, wani Bajamushe masanin sassan jikin ɗan Adam, mai suna Friedrich Merkel, ya gano wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin fata, waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Aikinsu shi ne jin taɓi, kuma sun fi yawa a kan yatsu da leɓɓa. Suna cikin abin da ke sa mace ta murza gari da yatsa biyu ta san ko ya yi laushi ko da sauran tsaki, ba tare da ta duba ba. Kada mai karatu ya zaci sunan tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus aka ara. Sunan wannan masani ne.

Sai a 1972 wani likita mai binciken naman jiki a birnin Niyok na Amurka, Cyril Toker, ya ba da bayanin mutum 5 masu wani irin ciwon daji na fata wanda ba a taɓa ware shi daban ba. A 1978, shi da wani abokin aikinsa suka duba naman ciwon da madubi mai aiki da lantarki, suka ga ƙwayoyinsa suna ɗauke da wasu ɗige-ɗige irin waɗanda ake gani a ƙwayoyin Merkel. Daga nan sunan ya bi shi. Masana na ci gaba da mahawara a kan ko daga waɗannan ƙwayoyi ainihin ciwon ke tsirowa, ko kama ce kawai suka yi. Amma suna ya riga ya zauna.

Yadda yake fitowa

Ƙullutu ne mai tauri, mai ɗan tudu kamar an kifa ƙaramin ƙoƙo, samansa da santsi da sheƙi. Launinsa yakan zama ja, ko ja mai sirkin shuɗi, wani lokaci kuma launin fatar mai shi. A farko ba ya fashewa, ba ya ruwa. A 2008 wasu likitocin Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan marasa lafiya 195. Suka tarar kashi 88 cikin 100 ba su ji zafi a wurin ba. Kashi 63 cikin 100 ƙullutunsu ya yi girma da sauri a cikin wata uku. Kashi 90 cikin 100 sun wuce shekara 50. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne, a fiye da rabin waɗannan mutane, likitan da ya fara gani ya ɗauka ƙullutu ne marar illa. To idan likita a ƙasa mai kayan aiki zai iya ruɗewa, ina ga manomin da ya shafa bayan kunnensa ya ji ɗan tudu?

A Amurka, lissafin shekarar 2013 ya nuna mutum kusan 2,500 ne suka kamu a shekarar, watau bai kai mutum 1 cikin 100,000 ba. A jihar Queensland ta Ostiraliya, inda fararen fata ke zaune ƙarƙashin rana mai ƙarfi, adadin ya ninka haka. Kusan rabin masu ciwon, a kai ko a wuya yake fito musu.

Me ya sa kunne ya fi haɗari?

Mai karatu ya kama kunnensa ya matsa. Zai ji ba nama, ba kitse, fata ce siririya a manne da guringuntsi. Ciwon da ya fito a cinya yana da nama mai kauri da zai ratsa kafin ya isa wani wuri. Wanda ya fito a kunne kuwa, tafiya kaɗan zai yi ya shiga guringuntsi, daga nan ya gangara cikin ramin kunne, ya nufi ƙashin kai.

Akwai kuma wata hanya wadda ta fi wannan sauri. Kowa ya san idan mutum ya ji ciwo a ƙafa, kaluluwa takan fito masa a gindin cinya. Dalili shi ne akwai wasu ƙananan magudanai a ƙarƙashin fata masu ɗauke da wani farin ruwa, suna kai shi ga ƴan ƙullutan da ke tace shi. Magudanan kunne suna zuba ne a bayan kunne, da wuya, da kuma gaban kunne, cikin wannan halittar mai yin yawu wadda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ta cikin halittar nan jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa. Saboda haka idan ciwo ya kai can yana iya taɓa jijiyar, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. A ƙauye sai a ce iska ce ta buge shi, a shiga neman hayaƙi da rubutu, alhali kuwa ƙullutun nan na kunne, wanda aka raina tun damina, shi ne ya yi tafiya. Kaluluwar da ke zuwa da miki na kullum tana da zafi, kuma tana sacewa idan mikin ya warke. Ta daji tana da tauri kamar tsakuwa, ba ta zafi, ba ta kuma sacewa.

Abin da ke kawo shi

A 2008, masu bincike a jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Yuan Chang da Patrick Moore, suka gano wata ƙwayar cuta irin ta birus a cikin naman dajin Merkel. Su ne dai suka gano, a 1994, birus ɗin da ke kawo ciwon Kaposi, wannan mai baƙaƙen tabo da likitocin Afirka suka sani sarai a jikin masu sida. A Turai da Amurka, wajen 8 cikin 10 na dajin Merkel yana ɗauke da wannan birus. A Ostiraliya kuwa mafi yawa ba sa ɗauke da shi; can hasken rana ne ke lalata ƙwayoyin fata kai tsaye.

A nan sai a yi hattara da fahimta. Birus ɗin yana zaune a fatar mafi yawan mutane tun suna yara, ba ya yi musu komai, domin garkuwar jiki ta danne shi. Sai idan garkuwar ta yi rauni, saboda tsufa, ko sida, ko dajin jini, ko magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, sannan yake samun sarari. An lissafta cewa haɗarin ga mai sida ya ninka na sauran mutane fiye da sau 10. Shi kansa ciwon dajin ba a ɗaukar sa daga wani. Babu dalilin ware wa mai shi ƙwarya, babu dalilin gudun tabarmarsa.

Ɗan'uwan da ke tare da mu

Baƙar fata rahama ce a ƙasar rana. Sinadarin da ke ba ta launi yana tare mafi yawan hasken da ke ƙona ƙwayoyin fata, shi ya sa dajin Merkel bai cika kama baƙaƙe ba. Amma ba dukkanmu ne muke da wannan garkuwa ba. Zabiya ana haihuwar sa ba tare da ita ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara ana samun zabiya 1 cikin mutum 5,000 zuwa 15,000.

Ciwon da ke bin zabiya shi ne wanda ake rubutawa "carcinome épidermoïde", watau dajin saman fata. Shi ba ya zuwa da santsi. Yana farawa da ɗan wuri mai kaushi a bakin kunne, ko leɓe, ko ƙeya, ya yi ɓawo, a ɓamɓare ya dawo, ya yi jini, a ƙarshe ya zama gyambo mai tudun baki wanda ba ya warkewa. Likitoci sun sa kunne da leɓe cikin wuraren da wannan ciwo ya fi saurin tsallakawa zuwa kaluluwa. A 1985 aka buga wani bincike da aka yi a kan zabiya 350 a birnin Darussalam na Tanzaniya: dukkansu rana ta fara ɓata musu fata tun a shekararsu ta farko a duniya, kafin su cika 20 kuwa babu wanda fatarsa ba ta nuna mafarin ciwon ba, waɗanda ba a yi wa magani ba kuma galibi sun rasu tsakanin shekara 20 da 40. Ranarmu ta Maris da Afrilu da Mayu ba ta fi ta Darussalam sauƙi ba.

Ga baƙar fata ma ciwon yana da ƙofar shiga, ita ce tsohon tabo. Tabon ƙuna, ko gyambon da ya shekara goma yana buɗewa yana rufewa, yana iya rikiɗa ya zama daji. Likitoci suna kiran wannan da sunan Marjolin, wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi bayanin irin gyambon a 1828.

Akwai kuma abin da bai kamata ya tayar da hankali ba. Mata da yawa suna da tudun nama a fatar kunne, wanda ya biyo bayan huji. Wannan tabo ne da ya wuce iyaka, yana girma a hankali cikin watanni ko shekaru, yana ƙaiƙayi, kuma yana fitowa ne daidai inda aka huda. Ba daji ba ne. Sai dai shi ma ba a yanke shi a gida, domin yakan dawo ya fi da girma.

Hula, malafa da aska

Hular da muke alfahari da ita ranar Juma'a da ranar suna tana rufe tsakar kai, ta bar kunne da ƙeya a fili. Hular hana-salla da samari ke so tana kare goshi da hanci, ita ma kunnen take bari. Abin da ke kare kunne shi ne abin da kakanninmu suka sani: malafa mai faɗin baki irin ta manoma da makiyaya, da rawani, da mayafin mata. Abin takaici ne a ga yaro zabiya yana kiwo da tsakar rana kai ba komai, a ƙasar da ake saƙa malafa a kowace kasuwa. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Uban da ya haifi zabiya, gara ya ba shi aikin inuwa, ya kuma dage ya bar shi a makaranta, domin karatu ne zai raba shi da aikin rana idan ya girma. Malamin makaranta kuma ya ba shi izinin sa malafa da riga mai dogon hannu, kada ya fitar da shi wasan motsa jiki da tsakar rana.

Akwai man shafawa mai tare hasken rana. Wanda ya dace da zabiya shi ne mai lamba 50, ana sake shafa shi bayan kowace awa biyu idan ana waje, kuma kunne ne wurin da aka fi mantawa. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A 2025 hukumar OMS ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, abin da ke nufin a daina kallon sa kamar kayan kwalliya. Wannan hujja ce a hannun magadan gari da ƴan majalisa da shugabannin kiwon lafiya na jihohi a duk lokacin da ake tsara kasafi. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin zabiya tun daga 2015, jawabi kaɗai ba ya isar ta. A ranar ya kamata a tara zabiyan gari a duba musu kunne da wuya, domin wurin nan mai kaushi, tun bai zama daji ba, likitan fata yana iya ƙone shi da ruwan azot mai tsananin sanyi cikin ƴan mintoci.

Mutum ba ya ganin bayan kunnensa. Amma akwai mai gani, shi ne wanzami. Kowane mako biyu ko uku yana kama kunnen mutum, ya lanƙwasa shi, ya bi bayansa da aska; mai kitso ma haka take yi wa mace. Babu likitan da ke samun wannan dama. Wanzamin da ya ga ƙullutu a wannan aski, ya dawo aski na gaba ya tarar ya ƙaru, ya riƙe labarin da zai iya ceton rai. Abin da muke roƙon sarakunan aska su isar ga mutanensu shi ne: irin wannan ƙullutu ba a yi masa sakiya, ba a tsaga shi, ba a kafa masa ƙaho, ba a ɗora masa ƙarfe mai zafi. Babu mugunya a ciki da za ta fito. Tsagawar ba ta cire saiwar ciwon, tana buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin cuta, tana ɓata wa likita iyakar ciwon, kuma mafi muni tana cinye makonnin da ake jiran wurin ya warke. Wanzamin da ya ce wa mutum "wannan ba nawa ba ne, tafi wurin majo" bai rage darajar sana'arsa da komai ba.

Hanyar magani

Ido kaɗai ba ya tabbatar da ciwon. Majo a gidan likita na ƙauye zai rubuta takarda zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin jiha, a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, inda likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko likitan fata zai yanki ɗan nama a kai ɗakin awo. Duk ƙullutun da ke girma cikin makonni, da duk mikin kunnen da ya wuce wata guda bai warke ba duk da wanki da magani, ya cancanci wannan awo.

Babban magani shi ne fiɗa. Ana cire ciwon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, santimetir 1 zuwa 2, a kuma bincika kaluluwar wuya. A kunne santimetir 2 ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa wani lokaci sai an cire wani ɓangare na kunnen, ko ma dukkansa. A nan ne mutane da yawa ke ja da baya, saboda tsoron kurumcewa da tsoron gori. Game da na farko, a sani cewa ji yana can ciki ne, daga dodon kunne zuwa ciki. Wanda aka cire wa fatar waje yana ci gaba da ji muddin ciwon bai shiga rami ba. Game da na biyu, ƙullutun da bai wuce wake ba ana cire shi a ɗinke, ko a cike gurbin da fatar bayan kunne, har mutum ya yi wuyar lura. Kunnen da ake cirewa gaba ɗaya shi ne wanda aka kawo a makare.

Lissafin da aka yi a Amurka a kan masu dajin Merkel 9,387, aka buga a 2016, ya nuna tsadar jinkiri. Cikin waɗanda aka gano ciwon yana fata kaɗai, kashi 51 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Waɗanda ya riga ya kai musu kaluluwa, kashi 35. Waɗanda ya bazu zuwa hanta, ko huhu, ko ƙashi, kashi 14 kacal. A tuna kuma mafi yawansu tsofaffi ne masu wasu cututtuka.

Dajin Merkel yana jin gashi, watau ƙona ciwo da haske mai ƙarfi daga na'ura, kuma galibi ana yin sa bayan fiɗa. A da sai an fitar da marar lafiya waje kafin ya sami wannan. A 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai ta fara aikin gashi, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Ci gaba ne babba. Sai dai gashi ba aikin kwana ɗaya ba ne, makonni ake yi ana zuwa kusan kullum, kuma daga Damagaram zuwa Yamai kilometir kusan 900 ne, daga Maraɗi sama da 600. Kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya suna hana wasu kammalawa, kuma wannan wuri ne da dangi da ƙungiyoyin ƴan gari mazauna Yamai za su iya sa hannu.

Ga wanda ciwon ya bazu, an sami sababbin allurai masu tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Amurka ta amince da avelumab a 2017, da pembrolizumab a 2018, kuma a gwajin na biyun ciwon ya ja da baya a jikin sama da rabin waɗanda aka yi wa. Amma allura guda tana kai miliyoyin sefa, kuma maimaita ta ake yi wata da watanni.

Bayan an sallami mutum, aiki bai ƙare ba. Dajin Merkel yana dawowa ga wajen mutum 4 cikin 10, galibi a cikin shekara 3 na farko. Saboda haka sai a riƙa komawa bayan kowane wata uku ko yadda likita ya tsara, a duba tabon, a latsa gaban kunne da bayansa da wuya har zuwa ƙashin kafaɗa. Tsakanin wannan zuwa da wancan, wani na gida ya riƙa duba wurin da hasken rana sau ɗaya a wata. Takardar sakamakon awon naman kuwa, wadda sunan ciwon ke rubuce a kanta da Faransanci, a sa ta cikin leda a adana tare da takardar haihuwa, domin ita ce likita na gaba zai fara tambaya.